Kada A Yi Gaggawar Yar Da Kwalbar

Mai karatu zai iya mamakin ganin mun ba akwatin wasa fili a wannan mujalla, alhali ga batun ɗakin kwana da na kuɗin makaranta suna jiran a tattauna su. To, a yi mana haƙuri. Akwatin da muke nufi shi ne dogon nan na katako, mai tsayin mutum, wanda ya cika wuraren shaƙatawa na Amurka da Japan tun daga shekarun 1970, wanda mutum kan jefa wa tsabar kuɗi ta wata 'yar kafa, ya kama sanda, ya danna maɓalli, ya yi ta fama da dodanni a kan allo har kuɗinsa su ƙare. Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna sun haura shekara 40 a duniya, kuma abin da ya fi damun masu riƙe da su shi ne allon da ke nuna hoto. In ya dushe ko ya ɗauke gaba ɗaya, shin a gyara shi, ko kuwa a fizge shi a maƙala irin fale-falen allon zamani da ake kira LCD? Mu dai ra'ayinmu a gyara, muddin akwai sauran rai a kwalbar. Za mu faɗi dalilanmu, ba kuma za mu ɓoye hujjojin da ba su goyi bayanmu ba.

Da farko ya kamata a san abin da ake jayayya a kansa. Allon nan da tsohuwar talabijin mai doguwar ƙeya, wadda muka tashi muka tarar a ɗakunan iyayenmu, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hasali ma, sa'ad da Allan Alcorn ya harhaɗa wa kamfanin Atari wasan Pong na farko a 1972, talabijin ce ƙirar Hitachi, mai baƙi da fari, ya sayo a kanti ya cusa cikin akwatin katako. Zuciyar abin wata babbar kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, asalinta kuwa daga Bajamushe Karl Ferdinand Braun ne, tun 1897. A can wuyanta akwai abin da ake kira bindiga, mai harba siririn zaren lantarki zuwa fuskar kwalbar, inda aka shafa wata hoda wadda kan yi ƙyalli da zarar zaren ya taɓa ta. Wani naɗin waya da ke kewaye da wuyan shi ke jan zaren da ƙarfin maganaɗisu, daga wannan gefe zuwa wancan, layi bayan layi, kamar manomi yana bin kunya, har ya kai ƙarshen fuskar ya komo farko. A yawancin akwatunan wancan zamani, zaren kan ja layi wajen 15,700 a daƙiƙa ɗaya, ya cika fuskar sau 60 ko kusa da haka. Ido ba ya iya bin wannan gudu, sai ya ga hoto cikakke.

Abin lura a nan shi ne allon kashi biyu ne. Akwai kwalbar, akwai kuma fanel ɗin da ke ciyar da ita da wuta, yana gaya wa zaren inda zai bi. Sau tari in aka ce allo ya mutu, kwalbar lafiyarta lau, ciwon yana can a fanel. A jikinsa akwai wasu ƙananan gwangwanaye da masu gyara ke kira kafasito, masu ɗan ruwan magani a ciki, waɗanda zafi da shekaru kan busar. In sun bushe sai a ga hoto ya tsuke, ko ya naɗe daga sama, ko ya riƙa rawa, ko launi ya koɗe. Sauya su duka aikin yini guda ne ga wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi, kuɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Haka nan liƙin dalma kan tsage saboda zafi da sanyi na shekara da shekaru, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, sai a bi shi a sake narkarwa. In abin ya yi tsanani, taransifomar nan mai haɗa wuta mai ƙarfi, wadda ake kira filaibak, ita ce kan tsage ko ta ƙone, ta ja taransistan da ke tura ta su mutu tare. Ga allunan da suka fi yawa a hannun jama'a, har yanzu ana samun sababbin irinta a saya. Ko da kwalbar ce ta yi rauni, akwai na'urar da kan ɗan farfaɗo da bindigar, ko da yake in aka matsa mata tana iya ƙarasa ta.

Allunan kuwa sanannu ne da sunayensu, kamar yadda makanikai suka san injunan mota: G07 na kamfanin Electrohome na Kanada, da K4900 da K7000 na Wells-Gardner na Amurka, da Sanyo 20EZ da ke cikin akwatin Donkey Kong na Nintendo, na 1981. Kowane akwati kan zo da littafinsa mai ɗauke da taswirar wayoyi, domin mai shago ya san kowace ranar da akwati ya kwana a mace, kuɗi ne suka wuce shi. Watau tun fil azal an ƙera su ne da niyyar a buɗe a gyara. Wanda ya yar da irin wannan allo don kafasito biyar sun bushe, daidai yake da wanda ya sayar da doki a banza don linzami ya tsinke.

To, amma wani zai ce, ko da gyaran mai sauƙi ne, ina amfaninsa, tun da sabon allo ya fi haske, ya fi kaifi? A nan ne muka fi saɓawa da masu son sauyi. Hoton Pac-Man, wanda Toru Iwatani da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Namco a 1980, ɗigo 224 ne a faɗi, 288 a tsaye, ba ƙari. Masu zanen wancan zamani da kwalba a gabansu suka yi aiki. Sun san zaren lantarki ba ya ɗiga murabba'i mai kaifin kusurwa, haskensa kan ɗan malala ya taɓa na maƙwabcinsa, tsakanin layi da layi kuma akwai siririn duhu. Da wannan sani suka zaɓi launukansu, suka jera ɗigonsu, har 'yan ɗigo kaɗan su zama fuska mai ido da baki. Allon LCD kuwa ɗigonsa a kafe suke, ba sa motsi. Tilas a shimfiɗa ƙaramin hoton nan a kan dubban ɗaruruwan ɗigo, in kuwa lissafin bai rabu daidai ba, sai wani layi ya fi wani kauri, zane ya fito da kusurwoyi kamar an gina shi da tubali. Daɗin daɗawa, tsohon allo faɗinsa 4 ne a tsayi 3, yawancin na yanzu kuwa 16 ne a 9. Ko dai a ja hoton Pac-Man ya zama kamar ƙwai, ko a bar baƙin fili a gefe.

Ba a nan kaɗai matsalar ta tsaya ba. Yawancin allunan kwamfuta ba sa karɓar saƙon layi 15,700, sai an sa wani ƙaramin fanel a tsakani ya yi tafinta. Tafinta kuwa sai ya saurara kafin ya faɗa. Kwalba na zana saƙo ne nan take da isowarsa, amma mai arahar tafintan nan kan tara hoto guda ko biyu kafin ya miƙa, kowane hoto kuwa kashi ɗaya ne cikin 60 na daƙiƙa. Mai kallo daga nesa ba zai lura ba, amma hannun da ya saba zai ji sandar ta yi nauyi, ya juya a kwana dodo ya riga shi. Kuma ba duk wasanni ke gudu a kan 60 ba. R-Type na 1987, alal misali, a kan 55 yake tafiya. Kwalba ba ruwanta, yadda aka kaɗa mata haka take rawa, amma allon da bai san kome ba sai 60 dole ya riƙa maimaita wasu hotuna, tafiyar ta riƙa sarƙewa. Shi kuwa akwatin Donkey Kong, nasa rikicin daban ne. Allonsa da wuta mai bolt 100 yake aiki irin ta Japan, saƙon launinsa a juye yake zuwa, kuma na'urar ƙara sauti a jikin allon aka ɗora ta. Wanda ya cire shi bai yi tanadi ba, zai sami hoto fari ya koma baƙi, akwati kuma ya zama bebe.

Akwai ma akwatunan da ba a raba su da kwalba sai wasan ya tashi daga yadda yake. Asteroids, wanda Atari ya fitar a 1979, ba ya bin kunya ko kaɗan. Zaren lantarkin kan tafi kai tsaye daga wannan wuri zuwa wancan, yana zana duwatsu da jirgi kamar alƙalami a kan takarda, in ya ɗan tsaya a wuri ɗaya kuwa sai wurin ya yi haske mai kashe ido, shi ya sa harsashin wasan ke ƙyalli kamar tauraro a baƙin dare. Tempest na 1981 haka yake, sai dai shi da launi. Allon LCD ba ya fahimtar irin wannan saƙo sam, sai an fassara masa shi zuwa ɗigo, abin da zai nuna kuwa kwaikwayo ne. Haka nan wasannin harbi irin su Lethal Enforcers na 1992 da Time Crisis na 1995. Bindigar robar da mai wasa ke riƙewa ido ne da ita a baki. In ya harba, na'urar kan ƙidaya lokacin da zaren ya wuce ta gaban idon, da haka take sanin inda aka auna. A allon da babu zare mai gudu, bindigar makauniya ce. Ko Space Invaders na Tomohiro Nishikado, na 1978, a dubi dabarar da aka yi: allon baƙi da fari ne, aka manna masa ledoji masu launi, a irin dogon akwatin kuma aka kwantar da shi a ƙasa, madubi ya ɗauko hoton ya ɗora a kan zanen wata. Ashe akwatin ne aka gina a kewayen kwalbar.

Da a ce ana ci gaba da ƙera kwalaben, da duk wannan magana ba ta wuce ta son rai ba. Amma an daina. A ƙarshen 2007 cinikin talabijin na LCD ya zarce na mai kwalba a duniya, a 2008 kamfanin Sony ya rufe ƙera shahararriyar kwalbarsa Trinitron, sauran masana'antu kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Har masu sana'ar yanke wuyan tsohuwar kwalba su dasa mata sabuwar bindiga sun watse: Hawk-Eye na jihar Iowa ta Amurka ya rufe a 2010, RACS na Faransa ya bi shi a 2013, kayan aikinsu suka koma gidan tarihin talabijin da ke Hilliard a jihar Ohio. Kafasito ana yin sabo, filaibak ana naɗa sabuwa, katako ma kafinta zai sassaƙa, amma kowace kwalba da aka fasa ta tafi ke nan, adadin da ya saura a duniya ya ragu da ɗaya. Su kuwa wasannin sun daina zama abin yara kawai, tun da gidan adana fasahar zamani na New York, watau MoMA, ya shigar da Pac-Man cikin kayansa a 2012.

Yanzu bari mu ba abokan jayayyarmu haƙƙinsu, domin suna da hujjoji masu nauyi. Na farko, haɗari. Kwalba mai launi ta inci 19 tana aiki da wuta wajen bolt 20,000 ko fiye, kuma takan riƙe wutar a jikinta bayan an zare soket, wani lokaci har kwanaki. Fanel ɗin allunan da yawa ba a raba shi da wutar gari ba, shi ya sa ake girka wata taransifoma ta musamman a gindin akwatin, wanda ya gwada allon ba tare da ita ba yana wasa da ransa. Kwalbar kanta, da yake babu iska a cikinta, in ta fashe gilashi kan watsu da ƙarfi. Don haka muna faɗa da babbar murya, kada wani ɗalibi ya karanta wannan shafi ya ɗauki sukuddireba ya nufi bayan allo. Aikin na wanda ya koya ne a hannun gwani, ya san yadda ake sauke wutar kafin a taɓa. Na biyu, kwalba tana da nauyi, tana da zafi, tana shan wuta fiye da allon zamani, ga wanda ke kunna akwati da janareta kuwa wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Na uku, mai shagon da akwatin ke ciyar da iyalinsa, wanda babu mai gyara kusa da shi, ba za mu tsaya a inuwa mu ce ya rufe shago don kishin tarihi ba.

Akwai kuma batun tabo. Hoton da ya daɗe a wuri ɗaya kan ƙona hodar fuskar kwalbar, har a ga zanen lungunan Pac-Man a allo ko da an kashe shi, wannan kuwa ba shi da magani. Wasu na ɗaukarsa dalilin sauyi. Mu ba mu gan shi haka ba. In akwatin wasansa na asali yake yi, hoton kan hau daidai kan tabon ya rufe shi, ba a ma lura sai an kashe. A wurinmu kamar kantar hannun manomi ce, tana nuna an yi aiki.

Wanda ke neman misalin yadda masu hankali suka warware irin wannan rikici, ya dubi Koriya ta Kudu. Ba akwatin wasa ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne. A 1988, shekarar wasannin Olamfik na Seoul, mai fasaha Nam June Paik ya gina wata hasumiya ta talabijin 1,003, mai tsayin mita 18 da rabi, a gidan adana fasaha na ƙasa da ke Gwacheon. A 2018 aka kashe ta don tsoron gobara. An yi ta muhawara, wasu na cewa a mai da ita LCD duka a huta. Hukumar gidan ba ta bi wannan ba. Ta gyara masu kwalba 737, wasu da kayan tsofaffin talabijin da aka nemo, sa'an nan ƙanana 266 na can sama, waɗanda suka gagara, aka sa musu allon zamani a cikin kwanson su na asali. A watan Satumba na 2022 aka sake kunna ta, aka kuma taƙaita sa'o'in da take aiki don kwalaben su daɗe. Tsarin da muke kira a bi ke nan: a fara da gyara, in ya gagara a nemi dashe, sai an rasa duka biyun a koma ga sauyi.

Batun dashen nan shi ne inda maganar ta zo ƙofar gidanmu. Masu gyaran akwatunan wasa sun daɗe da gane cewa tsohuwar talabijin ta gida, wadda hotonta kullum motsi yake, ba ta cika yin tabo ba, kuma ana iya ɗauke kwalbarta a dasa a akwati, in girman ya yi daidai, ƙafafun wuyan suka dace da soket, aka kuma auna naɗin wayar aka ga fanel zai iya jan sa. Talabijin ɗinmu layi 15,625 take ja a daƙiƙa, watau dangin juna ne na kusa. Irin waɗannan talabijin kuwa ga su nan jibge a ɗakunan ajiya da bayan gidaje, ruwa na dukansu, yara na jifansu, masu jari bola na fasa wuyansu don su ciri jan ƙarfen naɗin. Gilashin bayan kwalba da dalma aka haɗa shi don ya tare haskoki masu cutarwa, babbar kwalba takan ɗauki kilo ɗaya ko biyu. Muddin tana nan ɗungurungum dalmar a ɗaure take, amma in aka farfasa aka zubar a juji sai ta fara bin ƙasa da ruwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Haka nan gwanayen. A kasuwanninmu har yanzu akwai dattawan da suka shekara 30 suna buɗe bayan talabijin, waɗanda kan saurari ƙarar filaibak su gaya maka ciwonta kafin su ɗauko mita. Aiki ya ja baya, yaransu sun koma gyaran wayar hannu, ilimin kuma yana cikin kawunansu, ba a rubuce yake ba. Muna ganin babu abin kunya ga ɗalibin sashen lantarki ya tafi rumfar irin wannan dattijo ranar Asabar, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, na zo ne in ga yadda kuke sauke wutar kwalba." Abin da zai gani a wurin cikin wata guda, wani bai same shi a laccar zango biyu ba. Su kuma 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, watarana takarda za ta zo teburinsu an rubuta cewa kaza ba ya gyaruwa, a sa hannu a sayo sabo. Mu kanmu mun taɓa bi ta barandar wani ofis muka ga allunan kwamfuta an tula su har rufi, da muka tambaya ko an buɗe ko da guda an duba, sai aka yi mana dariya. Kafin a sa hannun nan, ya kamata a tambayi wane ne ya duba, kuma me ya gani.

In kuwa an kai inda ba makawa, wuyan kwalba ya karye iska ta shiga, ko bindigar ta mutu murus ba a sami ta dashe ba, to a sauya, amma a yi sauyin yadda na baya zai iya warwarewa. Kada a datse wayoyin asali, a yi musu mahaɗi. Kada a sa zarto a katakon don sabon allo ya shiga, a nemi mai fasalin 4 a 3 ko da na hannu ne. Tsohon fanel da naɗin wuya da ƙarfen da ke riƙe da su a bar su tare, a rubuta a takarda daga wane akwati suka fito da ranar da aka cire su, a ɗaura a jiki. Kwalbar da ta yi rauni kawai, ba ta fashe ba, a kifa fuskarta a kan bargo ko katifa a ɗaki marar laima, a kifa kwali a kan wuyan, kada kuma a ɗora kome a kai.